Shari'ar Starker: kalma daya, "musaya", a dokar harajin Amurka da ta ci shekara 12 ana jayayya a kanta

Duk wanda yake bibiyar harkar zuba jari a gidaje da filaye a Amurka zai yi wuya bai taba jin ana cewa "1031" ba, ko kuma "musayar Starker". Dillalai na fada, lauyoyi na fada, masu koyar da yadda ake arziki da gidajen haya a intanet ma kullum yana bakinsu, amma in ka tsare mutum kace wanene Starker din kuma me ya faru dashi, yawanci sai kaji yace ai wani dattijo ne da ya kayar da hukumar haraji a kotu shikenan. Toh eh ya kayar dasu, amma ba duka ba, kuma ni a wajena bangaren da ya fadi yafi bangaren da ya ci abin dubawa, dan nan ne zaka ga yadda alkali yake karanta doka da yadda yake karanta takardar da ka sa hannu a kai.

Bari mu fara da ita kanta dokar. A Amurka in ka sayi gida ko fili ya kara daraja ka sayar, ribar da ka samu akwai haraji a kanta. Misali ka saya dala 200,000 ka sayar 500,000, wannan 300,000 din ita hukumar haraji ta IRS take kallo. Amma tun 1921 akwai wata kafa da majalisa ta bari, wadda daga baya ta zama sashe na 1031 a kundin harajinsu, cewa in kadarar da ka rike dan kasuwanci ko dan jari ce, kuma baka sayar ba musayarta kayi da wata kadara irinta wadda ita ma dan kasuwanci ko jari zaka rike, to ba za a lissafa maka ribar yanzu ba. Ba yafe maka akayi ba fa, dage maka akayi, tsohon farashin da ka saya da shi zai bi ka zuwa sabuwar kadarar, ranar da ka sayar ka karbi kudi a hannu ranar za a yi lissafi. Hujjar da aka saba bayarwa itace mutumin da yayi ba ni gishiri in ba ka manda bai rike ko sisi ba, jarinsa na nan a kasa, da me zai biya?

Kaga dokar tace musaya, tace iri daya. Bata ce komai akan lokaci ba. Dole ne ranar da ka mika naka ranar zaka karbi nasu, ko zaka iya mikawa yau ka karba badi? Shiru. A cikin wannan shirun ne gaba dayan rigimar take.

T.J. Starker tsohon malamin jami'a ne a fannin gandun daji a jihar Oregon, wanda tun shekarun 1930 ya rika sayen dazuzzukan katako yana tarawa. Ranar 1 ga Afrilu 1967 shi da dansa Bruce da matar dan suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanin takarda na Crown Zellerbach. Su zasu mika wa kamfanin daji eka 1,843 a gundumar Columbia ta Oregon, shi kuma kamfanin ba kudi zai basu ba, zai bude musu lissafi a littafinsa, su je su nemo filaye ko gine-ginen da suke so a Oregon da jihar Washinton, in sun nuna kamfanin ya saya ya mika musu a cire daga lissafin. An sa wa'adin shekara biyar, in ta cika akwai saura sai a biya su ragowar da tsabar kudi. Sannan akwai wani dan sakin layi da ya ce duk karshen shekara za a kara kashi 6 cikin dari akan abin da ya rage a lissafin, suka rada masa suna wai kudin girman itatuwa. Ka rike wannan sunan zamu dawo kansa.

Ranar 31 ga Mayu 1967 suka mika dajin. Kamfanin ya rubuta wa uban dala 1,502,500, dan da matarsa kuma dala 73,000. Nasu dan karami ne, cikin wata hudu suka samu filaye uku da suka cinye kudin cif, ba a kara musu ko kwabo ba. Na uban ne ya dauki lokaci. Kadara goma sha biyu aka saya masa, ta farko ta shigo 5 ga Satumba 1967, ta karshe 21 ga Mayu 1969, kuma saboda wancan karin kashi 6 din lissafinsa ya tashi zuwa dala 1,577,387.91, kadarorin da aka mika suma kudinsu ya kama daidai wannan adadin har da sulallan karshe, wato kudi bai taba shiga hannunsa ba. Da suka zo cike takardar harajin 1967 dukansu suka rubuta babu riba, musaya mukayi.

IRS tace a'a. Ta dora wa dan da matarsa dala 35,248.41, uban kuma dala 300,930.31 banda kudin ruwa. Suka biya tukuna sannan suka shigar da kara a kotun tarayya ta Oregon suna neman a dawo musu da kudinsu, wanda hanya ce da aka sani a can, ka biya sannan ka kai kara.

Hujjar gwamnati gaskiya ba ta banza bace, in ka zauna ka duba. Sukace ranar 31 ga Mayu me Starker ya bayar? Daji. Me ya karba a ranar? Alkawari. Toh alkawari da daji iri daya ne? Alkawarin kamfani bashi ne, hakki ne a takarda, kuma ita kanta dokar a lokacin ta lissafo abubuwan da basa shiga wannan rangwamen, hannun jari, takardun bashi, hakkin da sai ta hanyar kara ake karbarsa. Kuma tunda yarjejeniyar ta bar kofar a biya da kudi bayan shekara biyar, ai ciniki ne kawai aka sa masa rigar musaya. Shi kuma bangaren Starker sukace ku duba abin da ya faru a zahiri mana, kasa ya bayar kasa ya karba, bai taba rike kudi ba, bashi da ikon cewa a bashi kudin kafin wa'adi, jarinsa daga kasa ya fita kasa ya koma, banbancin kawai lokaci, kuma ku nuna mana inda doka tace lokaci.

Nan ne abin ya zama kamar wasan kwaikwayo. Karar dan aka fara yankewa a 1975, alkali Gus Solomon ya basu gaskiya. Gwamnati ta daukaka kara sai kuma ta janye da kanta, hukuncin ya zauna. Shekara biyu bayan nan, 1977, karar uban ta zo gaban alkalin nan dai, yarjejeniya daya, kamfani daya, daji daya, sai mutumin ya lashe amansa yace waccan karon kuskure nayi, wannan ciniki ne ba musaya ba, har ya nuna damuwa cewa hukuncinsa na farko ya yadu mutane na fakewa dashi. Kaga yanzu takarda daya ce amma dan ya ci uban ya fadi. In kai ne mai jari a 1978 kana son yin irin wannan cinikin, wanne zaka kama? Lauyanka ma sai dai ya daga kafada.

Uban ya daukaka kara zuwa kotun daukaka kara ta tarayya ta shiyya ta tara, wadda ta yanke hukunci a watan Agusta 1979, alkali Alfred Goodwin ne ya rubuta. Abin da ya burge ni da hukuncin shine basu dauki cinikin dunkule guda sunce halal ko haram ba, daya bayan daya suka bi kadarorin nan goma sha biyu.

Tara daga ciki kamfanin ya saya daga hannun wasu ya mika wa Starker da sunansa, sak irin na dansa. Akan wadannan kotu tace gwamnati bata da bakin magana, saboda akwai ka'idar cewa maganar da aka riga aka yi shari'a akanta aka yanke, wanda ya fadi bazai sake dawowa da ita ba, kinyi wannan jayayyar da dan akan wannan yarjejeniyar kin fadi kuma kin janye daukaka kararki da kanki, toh ya wuce. Wato kaso mafi yawa na nasarar Starker ba daga fassarar sashe na 1031 ma ya fito ba, daga sakacin lauyoyin gwamnati ne da suka bar karamar kara ta dala dubu talatin da biyar ta tafi. Kuma dan karin bayani, a 1984 kotun koli a shari'ar Mendoza ta ce mutumin da baya cikin karar farko bazai iya daure gwamnatin tarayya da wannan ka'idar ba, kaga wannan kofar ma ba dadewa tayi a bude ba.

Ta goma, wadda ake kira kadarar Booth, ita ce ta tilasta wa kotun ta fuskanci ainihin tambayar, dan babu irinta a karar dan. Anan ko takardar mallaka Starker bai samu ba. Akwai wani da yake da hakkin cin moriyar wurin iya rayuwarsa, abin da kamfanin ya saya ya mika wa Starker shine hakkin sayen wurin a kwantiragi, ya shiga ya rike wurin da sharudda, kar ya rushe gini, ya kula da gyara, cikakkiyar mallaka kuma sai ranar da wancan ya rasu. In ka bi maganar gwamnati wannan ai shine alkawari tsantsa. Amma kotu tace a'a, mallakar kasa ba abu daya bane dunkulalle, tarin hakkoki ne, ikon shiga, ikon amfani, ikon hana wani, kuma ka'idojin ma'aikatar kudi da kansu sun yarda hayar shekara 30 ko fiye daidai take da mallaka a wannan babin, toh mutumin da ya rike wuri kuma tabbas mallaka zata dawo masa ai bai gaza dan hayar shekara talatin ba. Daga nan suka taba maganar lokacin kai tsaye sukace doka bata sharadta a yi musayar a rana daya ba, kuma yiwuwar a biya mutum da kudi a karshe bata bata musayar matukar niyyarsa kasa ce kuma kasar ce ta zo masa. Wannan sakin layin ne ya haifar da duk wata sana'ar musayar jinkiri da ake yi a Amurka yau.

Sai guda biyun da ba a cika ba da labarinsu ba, Timian da Bi-Mart. Wadannan Starker yace wa kamfanin kar ku wahalar da kanku ku rubuta da sunan 'yata kai tsaye. A tunaninsa ai duk daya ne, da a rubuta min in rubuta mata da a rubuta mata gaba daya, ni na zaba, da lissafina aka biya, ni nace a bata, har ma ya kawo hujjar ya kashe kudi da lokaci akan ginin Bi-Mart din kafin a mika. Kotu tace baka taba mallakarsu ba, doka tace kai ka bayar kai ka karba kai ka rike dan jari, wanda bai karba ba yaya za ace yayi musaya. Na Timian ma ya kara da wata matsalar, gidan zama ne kuma shi ya shiga ya zauna a ciki, gidan da kake kwana kuwa ba kadarar jari bace a idon wannan sashen ko da sunanka ke kan takardar. Aka ce ya biya harajin ribar wadannan biyun, kuma a lissafin shekarar 1967 da ya mika dajin.

Tsaya ka kalli abin da ya faru anan, dan shine ya sa na zauna rubuta wannan. A Booth kotu ta tsallake takarda ta kalli zahiri, ba sunanka a mallaka amma hakkokin mai wuri na hannunka, ka ci. A Bi-Mart kuma kotun nan dai ta tsaya akan takarda, kai ka biya kai ka juya komai amma ba sunanka, ka fadi. Wasu zasu ce tubka da warwara ce, ni ban ga haka ba sosai, dan a duka biyun tambaya daya suke yi, wane hakki ne doka zata iya tilastawa ya shigo hannun wannan mutumin? A Booth akwai kwantiragi da sunansa da zai iya kai kara akansa. A Bi-Mart in 'yar ta tashi da safe ta sayar babu abin da zai iya yi sai kallo. Amma duk da haka bazan boye ba, mai jari bashi da tabbacin ta wane gefe alkali zai bullo, kuma kuskuren da mutane keyi shine su dauka su ne zasu zabi ranar da za a duba niyya da ranar da za a duba takarda.

Akwai wata shari'a da ta riga wannan da take kara fito da abin, ta Carlton a 1967 a kotun daukaka kara ta shiyya ta biyar. Masu gonar kiwo ne a Florida, an shirya komai tsaf a matsayin musaya, mai saye zai sayi gonakin da suka zaba ya mika musu, sai a ranar rufe ciniki aka ce dan rage dawainiyar rubuta takardu sau biyu bari kawai a basu cak din kudin da kwantiragin sayen su biya da kansu. Suka karba suka biya suka karbi gonakin, ba wanda yayi musun cewa niyyarsu musaya ce. Kotu tace kudi ya shiga hannunku kuma kuna da ikon yin abin da kuka ga dama dashi, ciniki ne, ku biya haraji. Starker ya jira kusan shekara biyu ya tsira dan bai taba kudi ba, su kuma abin da bai wuce kwana daya biyu ba ya kona su. Gajeriyar hanya ce ta kashe su, irin dai wadda ta kashe Starker a wajen kadarorin 'yarsa.

Mu koma kan kudin girman itatuwa. Karin da ya samu ya kama dala 74,887.91. Starker yace wannan ba kudin ruwa bane, itatuwan da na mika suna ci gaba da girma a hannun kamfanin ina jira, diyyar girman ce, dan haka bangaren farashin dajin ne. Kotu ta tambaya, in gobara ta cinye dajin washegari za a fasa baka kashi shidan? Ba za a fasa ba. Kana da sauran hakki akan itacen? Babu. Karin da girman itace ake auna shi ko da kudin da ya rage a littafi da tsawon lokacin da ya dauka? Da kudin da lokaci. Toh abin da ake lissafawa da kaso akan bashi gwargwadon lokaci sunansa kudin ruwa ko me ka rada masa, kuma harajinsa na kudin shiga ne na yau da kullum wanda yafi na ribar kadara tsada. Dan sassaucin da ya samu kawai shine an ce ba a 1967 za a lissafa masa ba sai lokacin da ya karba. Wannan bangaren ko gardama bana yi dashi, suna baya canza halitta, kuma duk wanda ya taba ganin kwantiragin da aka boye ruwa a karkashin "kudin hidima" ko "kudin jira" yasan zancen.

Bayan hukuncin sai kofa ta bude warwar, tunda kotu bata sa iyaka ba mutum zai iya mika gini yau yace sai nan da shekara biyar zan zabi madadinsa, hukumar haraji kuma tana zaune bata san ko ciniki bane ko musaya har lokacin binciken shekarar ya kusa wucewa. Majalisa ce ta zo a 1984 ta raba gardama, bata soke jinkirin ba amma ta daure shi da igiya biyu. Kwana 45 daga ranar da ka mika kadararka ka bayyana wadda kake so, kwana 180 ka karbe ta, ko ranar da takardar harajinka ta shekarar ta wajaba in ita ta riga zuwa. A 1991 ma'aikatar kudi ta fitar da ka'idoji dalla dalla, bayyanawar a rubuce da sa hannu, kadara uku ko nawa ne kudinsu, ko fiye da uku in jimillarsu bata wuce ninki biyu na wadda ka bayar ba, in ka zarce haka sai ka karbi kashi 95 na abin da ka lissafa. Nan ne kuma aka halasta dan tsakiya, kamfanin da zai rike kudin cinikin dan kar ya taba hannunka, aikin da Crown Zellerbach yayi wa Starker kenan ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma lauyanka ko akawunka ko dillalin da yayi maka aiki cikin shekara biyun baya a ka'ida bazai zama shi ba. Filin da yake Amurka da wanda yake kasar waje ba iri daya bane a idon dokar tun 1989, sannan gyaran haraji na 2017 ya cire motoci, injina, jirage da sauran kayan da ake dauka, daga farkon 2018 sai kasa da gini kadai.

Su kwanakin nan kuma ba ruwansu da Lahadi ko hutu, kirga ake yi kawai. Ka mika gidanka 15 ga Nuwamba, kwana 45 dinka zai cika 30 ga Disamba, tsakiyar hutun karshen shekara lokacin da rabin dillalan gari basa daga waya. Kwana 180 kuma zai kai tsakiyar Mayu, amma takardar harajin mutum 15 ga Afrilu take wajaba, in baka nemi karin wa'adin cike ta ba wata guda cur ya tafi daga lokacinka baka sani ba.

Na dauki kalanda na gwada wannan kirgan akan shi Starker din. Ya mika daji 31 ga Mayu 1967, da dokar yau ce 15 ga Yuli zai zama ya gama rubuta duk abin da yake so, kuma kadara goma sha biyu ta riga ta wuce ka'idar uku sai dai ya bi ta ninki biyu. Kwana 180 dinsa zai kare 27 ga Nuwamba na shekarar. Ta farko da ta shigo 5 ga Satumba ta tsallake dan a kwana na 97 ta zo, duk wadda ta zo bayan Nuwamban nan kuwa har zuwa ta Mayun 1969 haraji zai biya akanta, a karkashin tsarin da har yau dillalai ke kira da sunansa.